Malama Mansura da Jirgin da Ta Ce Zai Tashi

Ranar Alhamis, 13 ga Maris, 2008, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malama Mansura Iliyasu a gidanta da ke Kura, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge ta karo na biyu. Ina cikin aji ina rubuta lissafi a allo lokacin da shugabar makarantarmu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, ba ta kira sunana ba. Da na ga ta rufe baki da gefen mayafinta, sai na ajiye alli. An yi jana'iza bayan sallar azahar. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Sunana Sabina, malamar lissafi a sakandaren 'yan mata inda marigayiya ta yi rayuwarta tana koyar da Fiziks. Teburina yana jikin nata a ɗakin malamai tun shekarar 1993. Ita Musulma ce haifaffiyar Kura, ni Kirista ce daga wajen Kafanchan, kuma tun ban daɗe da zuwa ba nake ce mata Yaya. Da wannan sunan zan yi mata magana a nan, domin ban san wani ba.

Yaya Mansura, ranar da na sauka a garin nan ina da katifa ɗaya, da risho, da tsohon ciki. Mijina yana can kudu wurin aiki. Ina zaune a kan akwatina a gidan malamai ban san inda ake ɗibar ruwa ba, sai ga ki da kwanon tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa. Ba ki tsaya dogon gaisuwa ba. Kika ce, "Ke ce sabuwar mai lissafi? Ci ki ƙoshi. Gobe akwai magana tsakanina da ke, yaran nan ba su iya raba lamba ba, kuma ni nake shan wahalarsu." Na yi dariya, na ci, kuma washegari kuwa aka yi maganar. Da na haihu mahaifiyata ba ta samu zuwa da wuri ba. Ke kika dafa ruwan wankan jego, ke kika dama kunun kanwa, kika tsaya a kaina sai na shanye ina kuka ina cewa ba mu saba da shi ba. 'Yata Jemima har yau Iya take ce miki, kuma ita ma tun Alhamis ba ta ci abin kirki ba.

Makarantarmu ba ta da kayan gwaji na a zo a gani. Wannan bai taɓa hana ki ba. Sai ki sa 'yan aji a gaba ki kai su bakin kanal, inda manoman rani suke ɗora lanƙwasassun bututai su jawo ruwa zuwa fangalinsu. Ki tambaye su yadda aka yi ruwa ya hau kan ganuwar kanal ya gangara gona ba inji ba famfo. Idan wata ta ce haka littafi ya ce, sai ki miƙa mata bututu ki ce, "Littafin bai zo ba, ke kika zo. Nuna mini." Su dawo makaranta da jiƙaƙƙun hijabai, shugaba ta yi ta faɗa, amma babu yarinyar da ta je bakin kanal da ke ta manta da nauyin iska. Manoman ma sun saba da ke. Wani dattijo mai albasa ya taɓa tsayar da ban ruwansa don yaranki su gwada, yana cewa shi ma yana so ya ji dalili, domin ya tsufa yana tsotsar bututu bai taɓa tambaya ba.

A daminar 2005 ciwon ya fara kama ki. Kina tsakiyar darasi alli ya faɗi daga hannunki, kika sunkuya ki ɗauka, ba ki iya miƙewa ba. Hawan jini ne da kike ɓoye mana. Kin yi makonni a asibiti a Kano, aka dawo da ke gida hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi sosai, baki ya karkace. Abin da ya fi komai ciwo shi ne magana. Kalmomi sun rikice miki. Ki so ruwa ki ce gishiri, ki so kiran mijinki, Alhaji Muhammadu Sani, sai sunan ƙaninki ya fito. Masu zuwa dubiya suka fara ɗaga murya idan suna yi miki magana, kamar wadda ba ta ji. Wasu su zauna a gabanki su riƙa tambayar Alhaji, "Tana gane mutane kuwa?" Ina kallon idonki a irin wannan lokaci, ina ganin yadda yake kaɗawa.

Alhaji mutumin kirki ne, kuma ya yi ɗawainiya da ke iyakar ƙarfinsa. Ya bar gonar shinkafarsa a hannun ma'aikata, kowane mako ya ɗauke ki a mota zuwa sashen gashin ƙashi. Amma 'yan'uwa sun cika masa kunne cewa ƙwaƙwalwarki ta taɓu, gara a nemi a sallame ki daga aiki ki huta. Makaranta ma ta samu wani matashin malami ya riƙe darasinki, shugaba kuma ta ce ba za ta iya ci gaba da jira har abada ba. Babu wanda ya yi wannan da mugunta. Kowa yana ganin sauƙi yake nema miki. Ke kaɗai ba a tambaya ba.

A farkon shekarar 2006 na je Kano buga tambayoyin jarrabawa a wani shagon intanet. Ina jiran layi na ji samari suna musu kamar za su daki juna, a kan wata tambaya da suka gani a kwamfuta. Ga yadda take. A ce an ajiye jirgin sama a kan wani ƙaton bel mai tsawon titin jirgi, irin bel ɗin injin motsa jiki da mutum yake tafiya a kansa ba ya barin wuri ɗaya. Duk gudun da jirgin ya yi zuwa gaba, bel ɗin zai yi irinsa zuwa baya. Shin jirgin zai tashi ko ba zai tashi ba?

Na kawo tambayar ɗakin malamai. Ba a jima ba aka daidaita a kan amsa ɗaya. Sabon malamin Fiziks ya zana a allo ya ce jirgi ba ya tashi sai iska ta bi ta kan fukafukansa da ƙarfi, iskar kuma ba ta samuwa sai yana gudu, gudun kuma bel ya cinye shi. Saboda haka yana nan tsaye. Ni ma haka na gani. Duk wanda ya taɓa ganin mutum a kan irin wannan inji ya san yana tafiya amma bai je ko'ina ba.

Da yamma na zo gidanku kamar kullum. Kina kishingiɗe a tabarma a ƙarƙashin rumfa, Alhaji da wasu mata 'yan dubiya suna zaune. Don dai a samu abin hira na ba su labarin samarin da musunsu, na faɗi tambayar, na faɗi amsar da malamai suka bayar. Alhaji ya ce ai wannan ko shi da bai yi boko mai zurfi ba ya gane, domin ya ga injin da idonsa a asibiti, a kansa ake koya miki tafiya. Kowa ya yi dariya. Sai muka ji muryarki, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Zai tashi."

Kowa ya juyo ya dube ki. Na ce, "Yaya, bel ɗin fa yana komawa baya daidai da gudunsa." Kika girgiza kai, kika sake cewa zai tashi. Kika so ki yi bayani, bakin ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Taya... banza. Iska." Ɗaya daga cikin matan ta ce "Allah sarki," da irin muryar da ake yi wa ƙaramin yaro. Alhaji ya tashi ya fita zaure. Da na bi shi na tarar yana share ido da hularsa. Ya ce, "Malama Sabina, matar da ta koyar da garin nan kaf, yau abin da ni na gane ita ta kasa. Ina ganin abin da mutane suke faɗa gaskiya ne."

Ni ma a lokacin ina ganin jirgin ba zai tashi ba. Amma na san wani abu da shi bai sani ba. Na yi shekaru ina ganin fuskarki a lokacin da yarinya ta kawo amsar da ba daidai ba kina jiran ta gano da kanta. Wannan fuskar ce na gani a ƙarƙashin rumfa, ko da yake rabinta ba ya motsi.

Daga ranar ba ki bar maganar ba. Duk zuwan da zan yi sai ki kama zanena da hannun hagu ki ce, "Mota. Zare." Na ɗauki lokaci kafin na fahimci cewa motar wasan yara kike so, irin wadda suke ƙerawa da gwangwani su yanka tsohon silifa su yi mata tayoyi. Na samo ɗaya a maƙwabta. Kika juya tayoyinta da yatsa, kika ga suna juyawa sakayau, kika gyaɗa kai. Sannan kika nuna ni, kika nuna motar Alhaji, kika ce, "Talata." Ranar asibiti ke nan. Na nemi izini a makaranta na bi ku.

Mai kula da ke a sashen gashin ƙashi wani mutumin Jos ne, Mista Mark, mai haƙuri da son raha. Da ya ga motar gwangwani ya tambaya ko jika aka kawo masa. Na ba shi labari a taƙaice. Ya dube ki ya ce, "Malama, yau ke ce likita, faɗi abin da za a yi." Kika sa aka ajiye kujerarki a gaban injin. Kika sa na ɗora motar a kan bel tana fuskantarki, na ɗaura mata zare a gaba. Na miƙa miki zaren a hannun hagu, kika ƙi. Kika ɗaga hannun dama da ƙyar, wannan hannun da ko cokali ba ya riƙewa, kika sa na naɗa zaren a yatsu biyu.

Mista Mark ya kunna inji. Bel ya fara tafiya baya, tayoyin silifa suka fara juyawa, motar tana nan inda take, zaren ko miƙewa sosai bai yi ba. Kika ce, "Ƙara." Ya ƙara gudu. Tayoyin suka riƙa ƙara kamar keken ɗinki. Kika sake cewa ya ƙara. Sannan kika lanƙwasa yatsun nan biyu, a hankali, gumi yana tsattsafo miki a goshi. Motar ta taho. Bel yana gudu baya iyakar ƙarfinsa, ita kuma tana tahowa gaba abinta, har ta zo baki ta faɗo a cinyarki.

Kika ɗaga zaren, kika nuna fankar da ke juyawa a saman ɗakin. Jimlar da kika faɗa ita ce mafi tsawo da muka ji daga bakinki tun da kika kwanta.

"Mota ƙasa take turawa. Jirgi iska yake turawa."

A nan na gane. Mota da mutum suna dogara da ƙasa su tura kansu gaba, shi ya sa idan ƙasar ta zame baya sai su tsaya cik. Jirgi kuwa injinsa ba ya juya taya. Farfelarsa iska take kamawa ta jefa baya, kamar yadda zarenki ya ja motar daga wajen bel. Tayoyinsa ɗaukar nauyi kawai suke yi, abin da bel zai iya yi musu bai wuce ya ninka juyawarsu ba. Jirgin zai yi gaba, iska za ta bi fukafukansa, zai tashi.

Ina cikin haɗa wannan a kaina Alhaji ya riga ni. Ya ce, "Wato tayar jirgi irin ta baro ce, ba ita ke tuƙi ba." Kika kalle shi, kika yi murmushin gefe ɗaya. Wasu marasa lafiya da suka taru suna kallo suka fara tafi a kan cinya da hannun da ya rage musu. Alhaji bai yi tafi ba. Ya durƙusa a gaban kujerarki a gaban mutane, babban mutum da rawaninsa, ya ce, "Mansura, ki yafe mini. Na saurari kowa ban saurare ki ba." Kika ɗora masa motar gwangwani a hannu kika ce, "Makaranta."

Washegari da kansa ya je wurin shugaba ya ce maganar sallama ya janye ta. Shugaba ta yi jinkiri, kuma ba na ganin laifinta, domin yara masu jarrabawar fita ne a hannunta. Aka shirya ki ba da darasi ɗaya a gani. Kika zaɓi wannan tambayar. Ni na karanta ta ga 'yan ajin ƙarshe, ke kina zaune a kujera a gaban allo. Aji ya rabu biyu, mafi yawa suna cewa ba zai tashi ba. Kika bar su suka yi ta musu har muryoyi suka fara tashi. Babu injin a makaranta, sai kika sa aka shimfiɗa dogon zane a kan tebur, yarinya ɗaya tana jan zanen baya, wata tana jan motar gaba da zare.

Abin da ya fi burge ni ranar ba amsar ba ce. Bayan an ga gaskiya, masu cewa zai tashi suka fara yi wa sauran ihu, kika buga tebur. Kika kira wata yarinya, Asta, wadda ta fi kowa dagewa a kan ba zai tashi ba, kika sa ta maimaita hujjarta. Da ta gama kika ce, da taimakona wurin kalmomin da suka maƙale, duk abin da ta faɗa game da iska da fukafukai daidai ne, kuma da bel zai iya tsayar da jirgin da ita ce mai gaskiya. Wuri ɗaya kawai ta zame, ta ɗauki jirgi kamar mota. Kika ce kin fi son yarinyar da ta faɗi da hujja a kan wadda ta ci da sa'a. Sabon malamin yana tsaye a bayan aji. Ba ki kalle shi ba ko sau ɗaya don kada a gane, amma da aka tashi shi ya zo ya ɗauki jakarki, ya roƙi ki bar shi ya zama hannunki a allo. Haka kuka raba aji har ƙarshen rayuwarki, ke kina zaune kina tambaya, shi yana rubutu. Ya gaya mini ranar jana'iza cewa bai san ya fara koyon Fiziks ba sai a wannan ajin.

Shekara biyu Allah ya ƙara miki a bakin aiki. Maganarki ba ta dawo daidai ba, kuma ba ki ɓoye hakan ba. Idan kalma ta ɓace sai ki nuna wata yarinya ki ce ta nemo miki, aji duka su shiga nema, har ya zama ba wanda yake gyangyaɗi a darasinki. Kin koyi rubutu da hagu, rubutu mai kama da tafiyar kaza, kina yi kina dariyar kanki. Kika sa aka kafa awon jini a ɗakin malamai, wata ma'aikaciyar lafiya tana zuwa, kuma babu wanda ya isa ya zame miki. Ni ce ta farko da aka kama. Maganin da nake sha yau dalilinki ne.

Ranar Talatar da ta wuce muka rabu a ƙofar makaranta. Motocin tumatir sun tare hanya, Alhaji ya makara, muka zauna a benci muna jira. Kika ce tambayar jirgi ta tsufa, 'yan aji ɗaya ma sun san amsarta tun kafin su iso wurinki, yayyensu sun gaya musu. Kika ce, "Sabina, ki samo mana wata." Na ce idan na shiga Kano ranar Asabar. Asabar ta zo ina zaune a tsakar gidanki cikin mata masu karɓar gaisuwa.

Gidan bai ɗauki mutane ba. Tsofaffin ɗalibanki sun zo daga Bunkure, da Madobi, da Dawakin Kudu, wasu da goyo, wasu da kayan aikin asibiti a jikinsu. Asta ta taho daga jami'a inda take karatun injiniya, ta zauna kusa da ni har la'asar. Mista Mark ya zo ya tsaya cikin maza a ƙofar gida. Ya ce mini tun daga ranar nan, duk wanda aka kawo masa ba ya iya magana, yakan fara gaya wa danginsa su daina yin zancensa a gabansa kamar ba ya nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Muhammadu Sani, wanda ya riƙe ki da mutunci cikin lafiya da cikin ciwo. Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ya saka maka da alheri. Ina yi wa 'ya'yanta da jikokinta ta'aziyya, da 'yan'uwanta na gidan Malam Iliyasu, da malamai da ɗaliban makarantarmu, da dukan mutanen Kura. Ni ma ina cikin waɗanda ya kamata a yi wa gaisuwa, domin yaya na rasa.

Yaya Mansura, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki. Ciwon da kika sha ya zama kaffara a gare ki. Ilimin da kika bari a kawunan 'ya'yan mutane ya riƙa isar miki da lada har ranar tsayuwa. Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya raya abin da kika bari, ya shirya su. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.